Yadda Usur Ya Raba Ni da Akushin Yaya

Shekarun baya, tun Turawa ba su tattara nasu ya nasu sun tafi ba, lokacin da dalar gyaɗa take riga ganuwa yi wa baƙo maraba, na taɓa zama mai horar da 'yan wasan ƙwallon kwando. Duk wanda ya san ni ido da ido zai yi dariya, ban kuma hana shi ba. Ni gajere ne, ba kuma tsufa ne ya tanƙwara ni ba, haka Allah ya yi ni tun ina saurayi. Ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwandon nan ana kallo ba. Sau ɗaya ta taɓa shiga, shi ma ba ni da shaida sai awaki.

Amma ba da ƙwallo labarin ya fara ba, da tuwo ya fara.

Mahaifina baƙo ne a birni. Fatauci ya kawo shi daga gabas, ya auri mahaifiyata, suka zauna a wani ɗan gida a Zaitawa. Ni kaɗai Allah ya bar musu. Ya rasu gemu bai ko fara tsiro mini ba, gidan ya zama daga ni sai ita. Ba wa, ba ƙane, ba baffa. Bayan magariba takan zubo mini tuwo in fito zaure in zauna, ina ci ina jiyo dariyar samarin lungunmu a ƙofar gidan da yake kallon namu. Ciyayya suke yi. Ga waɗanda ba su tarar ba, ciyayya ita ce kowa ya fito da abincin gidansu, a haɗu a tabarma ɗaya, a cinye na wannan a ture, a jawo na wancan, har a gama. Ba wanda ya ce kada in zo, amma ba wanda ya ce in zo, ni kuma ga zuciyar tsiya.

Wata rana ina cikin ci sai mutum ya toshe ƙofar zauren. Babban samarin ne, wanda a ƙofar gidansu ake zaman, kowa Yaya yake ce masa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai tambaye ni komai ba. Ya sunkuya ya ɗauki kwanona, ya ce, "Taso." Na tashi na bi kwanona, tunda ba na bar shi ya tafi ni in kwana da yunwa ba.

Zaman nan yana da tsari. Ba a sa hannu sai Yaya ya yi bisimilla ya sa. In da nama a miya, ba mai taɓawa, ko da tsokar ta gangaro gabanka, sai Yaya ya raba. Ƙaramin cikinmu shi ne mai zuba ruwan wanke hannu, shi ne kuma mai riƙe bakin akushi da hannun hagu don kada ya riƙa zamewa. In an kusa gamawa, manya su tsame hannu ɗaya bayan ɗaya su bar masa suɗi. Su biyar ne, na zama na shida, kuma ni ne autan. Na riƙe akushin nan shekaru, wallahi ban taɓa jin ƙasƙanci ba. In na makara, sai in jiyo ana cewa, "Ina mai riƙon? Tuwo yana gudu." A duniya akwai wurin da in ban zo ba ake lura, wannan kaɗai ya ishe ni.

Dukansu a wurin wani Alhaji suke aiki, attajirin fatu da ƙiraga, cikin Larabawan birni waɗanda kakanninsu suka zo da ayarin raƙuma. Yaya ne babban yaron sitonsa, shi ya kai ni aka ɗauke ni, da yake na ɗan taɓa elementare. Alhajin nan mutum ne mai son abin da ba kowa yake da shi ba. A hanyarsa ta Makka ya ga ana wasan ƙwallon kwando, abin ya shiga ransa. Da ya dawo ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa zobba biyu, kafinta ya kafa turaku da alluna a wani fili bayan Ƙofar Na'isa, ya sa aka ɗinko riguna da wanduna masu sauka ƙasan gwiwa. Ya zaɓi samarin nan biyar ya ce daga yau in an yi azahar sun tashi daga aiki, ƙwallo ce aikinsu, kuma akwai ɗan ƙari a ƙarshen wata. Da yanzu ne sai a ce ƙwararru ne, tunda biyansu ake su yi wasa. Ni an duba tsawona aka ba ni gadin takalma.

Masu wasan a garin a lokacin ba su da yawa. Akwai sojoji, akwai 'ya'yan Kwara, Larabawan nan masu kantuna, akwai ma'aikatan filin jirgin sama, sai wasu malaman makaranta. Duk cikinsu babu wanda bai lallasa mu ba. Har malaman, da rabinsu tumbi ya fara fitowa. Mutanen birni kuwa ka san bakinsu, suka laƙaba mana 'yan sadaka, wai duk wanda yake neman nasara ya zo wurinmu ana rabawa kyauta. In mun shigo ta ƙofa da yamma, masu zaman dakali ko tambayar sakamako ba sa yi, sai dai su ce, "Sannunku da ciyarwa."

Da abin ya ishi Alhaji, ya sa aka kira ni zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙo mini usur da igiyarsa, ya ce, "Kai ne kullum a gefe kana kallo, ai ka ga abin da su ba sa gani. Gyara mini su. Wanda za ka cire ka cire, wanda za ka kawo ka kawo. Kafin ruwa ya sauka za mu sake karawa da sojoji. In suka sake yi mana irin ta bara, turakun nan zan tumɓuke in yi rumfar shanya fatu."

Na ce, "Allah ya ƙara arziki, ai duk sun girme ni."

Ya ce, "Usur bai san wannan ba."

Da na faɗa musu a wurin ciyayya, dariya aka yi har da ƙwarewa. Yaya ya ce, "To madalla, autanmu ya samu sarauta. Riƙe akushin da kyau, ranka ya daɗe." Ni ma na yi dariya.

Gaskiyar Alhaji ce, na daɗe da ganin ciwon, faɗa ne ban da bakinsa. Ba rashin iyawa ba ne. Akwai abokina a cikinsu, wanda shi ne ya fi kusa da ni a shekaru. In shi kaɗai ne a fili, ko daga ina ya jefa sai ta shiga. Amma ranar wasa sai ka gan shi a gindin kwando, ba kowa a gabansa, ya juya baya yana neman Yaya. Haka sauran ma. Kowace ƙwallo sai ta je hannun Yaya, shi ne zai jefa. Tsarin tabarma suka kwaso gaba ɗaya suka kawo fili, ƙwallon ta zama tsokar nama. Yaya kuwa ƙaƙƙarfa ne, buhu biyu yake ɗauka, amma yana da nauyin jiki, kafin ya juya an kewaye shi. Sojoji sun gane tun wasan farko. Mutum biyu suke sa masa, sauran su tsaya suna hutawa.

Na ja abokina gefe na ce, "Kai, me yake damunka? Kwando a kanka, ka juya?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Yaya yana tsaye zan jefa?"

Sai na je wurin Yaya da kansa, na yi ta kewaye-kewaye har na faɗa. Bai musa ba. Washegari ya tara su ya ce, "Daga yau duk wanda ya samu hanya ya jefa, ban ce a jira ni ba." Suka ce, "To, Yaya." Wasan da muka yi da malamai bayan nan, sun daina ba shi ƙwallo, gaskiya ne. Sai dai duk wanda zai jefa sai ya waiwaya ya dubi Yaya, Yaya ya gyaɗa kai, sannan ya ɗaga hannu. Kafin a gama wannan neman izini, ƙwallo ta daɗe da komawa ɗaya gefen. Na busa usur har kumatuna suka yi tsami.

Na ce to, bari in kawo waɗanda ba su taɓa cin tuwo da shi ba.

Allah ya sa aka aike ni Ƙofar Ruwa, na bi ta wani lungu inda ake ta da katanga. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan jaki, wani dogo a ƙasa yana cilla masa tubali. Tubalin da, na ƙasa, mai gindi da tsinin kai. Na ƙasa ya sunkuya ya ɗauka ya cilla, na sama ya cafe ya dasa, ko kallon juna ba sa yi, hira ma suke da mai gidan. Bango yana ƙara tsawo, jifa yana ƙara nisa, amma ban ga ɗaya ya faɗi ba. Na tsaya baki buɗe har na manta aiken.

Da suka sauko shan fura na yi musu sallama, na ce ina da aiki. Suka ce, gini ko yaɓe? Na ce jifa ne kawai, kuma abin da za a jefa bai kai rabin tubali nauyi ba. Na sama ya ce, "In an jefa sai me?" Na ce sai ya faɗa cikin zobe ya faɗo ƙasa. Ya ce, "Sai kuma me?" Na ce sai a sake. Suka dubi juna. Dogon ya ce, "Malam, kuma biya ake yi?" Na ce ana yi. Ya ce shi dai ya san masu kuɗin birni ba sa rasa abin yi, amma za su zo.

Samar musu gurbi bai yi wuya ba. Ɗaya daga cikin namu gwiwa tana damunsa, ɗayan kuma dama a takure yake, don surukinsa yakan bi ta filin, shi kuwa ga shi da ƙwauri a waje. Da na ce su huta har godiya suka yi mini. Maginan nan sun sha wahalar koyon buga ƙwallo a ƙasa, kullum sai su rungume ta su ruga, ina binsu da usur. Amma wajen miƙawa da cafewa ban taɓa ganin irinsu ba. Ba ruwansu da wane ne babba. Wanda suka gani a sarari shi suke cilla wa, kuma in ta zo hannun abokina da irin wannan ƙarfi, kafin ya tuna da ladabi ya riga ya jefa. Muka kara da ma'aikatan filin jirgi, da ƙyar suka sha. Ranar masu zaman dakali sun rasa abin faɗa.

Sai Yaya ya yi abin da ya saba. Ya ce bai kamata mutane su yi gumi tare da mu su koma Ƙofar Ruwa da yunwa ba. Ya ce, "Ku taso." Suka fara zama ciyayya. Duk sun girme ni, saboda haka akushi yana nan a hannuna. Ina riƙe da shi ina kallo Yaya yana ajiye wa kowannensu tsoka a gabansa, suna cewa, "An gode, Yaya." Wata bai zagayo ba na ga dogon nan, mutumin da yake cilla tubali ba ya kallo, ya tsaya a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu yana waige.

Daga nan na san sauran magani ɗaya ne, kuma na san ni zan sha ɗacinsa.

Na koma wurin Alhaji na ce ko shi zai faɗa wa Yaya, tunda shi ne uban gida. Ya ce, "In ni na faɗa, kora ce. In kai ka faɗa, gyara ne. Usur a wuyan wa yake?" Na dawo gida na kasa cin abin kirki. Mahaifiyata, da ba ta taɓa kiran sunana ba don ni ne ɗan fari, ta ce, "Kai, wannan, lafiya?" Na kwashe duka na gaya mata. Ba ta san ƙwallo ba, ba ta taɓa ganin filin ba. Ta daɗe tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "Wanda ya ɗauki kwanonka ya ce taso, shi za ka ce wa zauna?" Na ce in ban yi ba za a tumɓuke turakun, mutum bakwai su koma ɗaukar fatu da tubali, garin nan kuma ya yi ta kiran su 'yan sadaka har su tsufa. Ta ce, "To Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Kullum in ce yau zan faɗa, kullum in riƙe akushi in yi shiru. Sai ana gobe wasan sojoji, mun fito daga masallaci, na bi shi har muka rage mu biyu a lungu. Na ce, "Yaya, gobe ina so ka huta. Mai gwiwar nan ya samu sauƙi, shi zai shiga."

Ya tsaya. Ya ce, "Ka ga haka ya fi?"

Na ce, "Haka na gani, Yaya."

Ya ce, "To."

Shi ke nan. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Washegari fili ya cika, har kan ganuwa mutane. Yaya ya zo da babbar rigarsa ya zauna a benci kusa da ni. Aka fara. Ban daɗe ba na ga abin da ban lissafa ba: ba ya cikin fili, amma benci suke kallo. Abokina ya samu ƙwallo, ya waiwayo wajenmu, soja ya fizge. Dogon ya samu, ya waiwayo, aka fizge. Aka tafi hutun rabin lokaci sojoji suna gaba, Alhaji yana zaune a kujerarsa yana kaɗa ƙafa, ko inda nake bai duba ba.

Na matsa kusa da Yaya. Na so in yi ƙasa da murya, amma hayaniya ta yi yawa, dole na ɗaga, kuma na san na kusa sun ji. Na ce, "Yaya, kai suke kallo. In kana nan ba za su jefa ba."

Ya dube ni, ya dubi 'yan wasan da suke shan ruwa sun sunkuyar da kai. Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya sa takalmi. Mutane suka buɗa masa hanya. Ina kallon bayansa har ya shige Ƙofar Na'isa.

Mun ci wasan. Ba da tazara ba, amma mun ci. Da suka waiwaya sau ɗaya, sau biyu, suka ga benci ba kowa sai ni, sai suka fara jefawa don ba yadda za su yi. Abokina ya yi ta zubawa kamar an kwance masa ɗauri. Aka ɗaga shi sama, aka ɗaga maginan, wani ma ya ɗaga ni, da yake ba ni da nauyi. Alhaji ya dafa kaina a gaban jama'a. Ni kuwa tunanina ɗaya ne: an kusa magariba.

Na ɗauki kwanona na tsallaka lungu, na shirya wa fushi, na shirya wa gatse, na shirya wa a share ni. Ko ɗaya ban samu ba. Yaya na ganina ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Malam ya iso. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka, ka fitar da mu kunya." Na ce, "Haba Yaya, wane irin Malam kuma." Na durƙusa a wurina na kullum, na kai hannun hagu bakin akushi. Sai ya kama hannun a hankali ya ɗage shi.

Ya ce, "A'a. Hannun da yake nuna wane shiga, wane fita, ba ya riƙe wa mutane akushi. Bai kyautu ba."

Ya nuna mini cikin zaurensu. An shimfiɗa sabuwar tabarma, an ajiye buta, ga kwano a rufe da faifai. Na shiga na zauna. Na buɗe, tsokar da ta fi kowace girma tana sama. Daga inda nake ina hango bayansu. Abokina ne ya riƙe akushin. Can aka fara labarin wasa, aka fashe da dariya, ina jiyowa kamar yadda nake jiyowa a da, sai dai yanzu ta fi kusa. Naman nan ni kaɗai na ci shi.

Na yi shekaru ina juya maganar nan, ina neman inda fushi ya ɓuya a cikinta. Ban samu ba. Yaya bai iya mugunta ba. Shi dai a wurinsa duniya a jere take, kowa da wurinsa, kuma mutum ba zai zama sama da kai da la'asar ya dawo ƙasa da kai da magariba ba. Da ya yarda na fi shi a fili, ya yarda ne gaba ɗaya. Girma ya ba ni iyakar gaskiyarsa.

Na yi ƙoƙari. Na riƙa barin usur a gida, na riƙa zuwa da wuri in zauna a tabarmarsu, sai kowa ya kame, a rasa mai sa hannu. Abokina ya ce mini, "Mu ma ba daɗi muke ji ba. Amma dubi, ya za mu sa hannu kafin ka sa? Kai kuma ya za ka sa kafin Yaya? Tuwon sai ya huce ana kallon-kallo." Na samu Yaya na ce zan mayar wa Alhaji usur ɗinsa. Ranar ce kaɗai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce, "In ka mayar, ka tashe ni a gaban mutane a banza ke nan. Riƙe abinka."

Na riƙe. Muka yi shekaru muna cin wasa, sunan 'yan sadaka ya mutu, har samari daga wasu unguwanni suka riƙa zuwa neman a gwada su. Na cire wasu, na sa wasu, bai ƙara yi mini wuya ba. Yaya bai sake taka filin ba. Amma duk ranar wasa akwai wani mutum da yake tsayawa can nesa a kan ganuwa, ta bayan kwandon da muke kai hari a rabin ƙarshe, inda rana take hana 'yan wasa ɗaga ido. Ni da hula a goshi ina ganinsa. Shi kaɗai a sama, ni kaɗai a benci, ba mu taɓa ɗaga wa juna hannu ba.

Sannu a hankali na daina tsallaka lungun. In dai ni kaɗai zan ci, gara in ci a zaurenmu. Kullum bayan magariba sai an aiko da kwano daga gidan Yaya, a ce a kai wa Malam. Mahaifiyata ta karɓa, ta zuba namu a mayar. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Wani lokaci dai takan fito ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida har in gama ci, wai tana jiran kwano.

Bayan Alhaji ya rasu, magada suka tumɓuke turakun. Rumfar shanya fatun dai aka yi da su. Na yi aure, na tashi daga Zaitawa, 'yan ciyayya kowa ya kama gabansa, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Ni da Yaya sai gaisuwar suna da jana'iza, kullum Malam, kullum da miƙewa tsaye.

Furfura ta gama cinye gemuna lokacin da aka gaya mini yana kwance. Na je na same shi a zauren nan dai, an jingina shi da bango, mutumin da yake ɗaukar buhu biyu ya koma ƙashi da fata. Muna cikin gaisawa aka kawo tuwo, nasa a tsohon akushi, nawa a kwanon baƙi an ajiye can gefe. Ya kai hannu zai gutsura, hannun yana karkarwa, akushin ya zame. Ya jawo, ya sake zamewa. Ban yi shawara da kowa ba, na matsa na dafe bakinsa da hannun hagu.

Ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce, "Malam..."

Na ce, "Yaya, usur ɗin ya ɓata tuntuni. Ko inda yake ban sani ba."

Ya yi ɗan murmushi. Ya yi bisimilla ya sa hannu, sannan na sa. Akwai 'yar tsoka guda ɗaya, ya daɗe yana fama da ita har ya raba, ya tura mini rabi. Bai ci loma da yawa ba ya tsame hannunsa, ya turo akushin gabana, ya ce, "Suɗe, auta." Na suɗe shi tas, da gemuna fari, hawaye yana zuba a ciki. Bai ga damina ta gaba ba.

In aka tambaye ni ko na yi daidai, nakan ce na yi. An ba ni aiki na gyara, mutanen nan sun daina sunkuyar da kai a ƙofar gari, kuma da za a mayar da ni ranar, abin da zan faɗa masa ke nan. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ana iya fitar da mutum daga cikin mutane ba da kora ba, da girmamawa, kuma wannan ba shi da wurin kai ƙara. Har yanzu in na ga an ɗora wani a kan abokansa ana yi masa murna, ni tausayinsa nake ji.

Yanzu ni ne babba a gidana. Abincina a ɗakina ake kawo mini, a tire, da cokali, a ja ƙofa a hankali don kada a dame ni. Ina jiyo su a tsakar gida suna ci suna dariya. Farantin tangaran ne mai nauyi, ba inda za shi, amma duk ranar Allah sai na tsinci hannuna na hagu a bakinsa, na riƙe.